Yadda Ake Ɗaga Daɓen Kankaren Da Ya Lotsa Ba Tare Da An Fasa Shi Ba

Akwai wani nau'in bidiyo da ke yawo a TikTok da Facebook da YouTube, wanda da wuya mai bibiyar harkokin fasaha bai taɓa cin karo da shi ba. Za a nuno daɓen kankare a ƙofar wani gida a Amurka, gefe ɗaya ya lotsa har ya bar tudu kamar matakala. Sai ma'aikaci ya zo ya huda ɗan ƙaramin rami, ya soka bakin wata na'ura mai kama da bindiga, ya danna. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai a ga kankaren yana tasowa a hankali kamar ƙullin fanke, har ya daidaita da na kusa da shi. Masu kallo da yawa kan ɗauka haɗin kwamfuta ne. Aikin gaske ne, kuma sana'a ce da ta doshi shekara 100 a can, wadda ƙananan 'yan kwangila ke ci da ita a kusan kowane gari.

Sai dai bidiyon na daƙiƙa talatin yana nuna ɓangaren da ya fi sauƙi ne kawai. Ba ya nuna awon da aka yi kafin a taɓa kankaren, ba ya nuna neman inda ruwa ke shiga, ba ya kuma komawa bayan damina biyu ya nuna ko daɓen yana nan inda aka bar shi. A waɗannan wuraren ne ake gane ko mai gida ya ci riba ko ya zubar da kuɗinsa.

Laifin ba na kankaren ba ne

Daɓen kankare ba ya tsayawa da ƙarfin kansa. Shimfiɗa ce kawai a kan ƙasa, duk inda ƙasar ta je zai bi ta. Nauyinsa kuwa ba kaɗan ba ne: kankare mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1 yana da nauyin kusan kilo 2,400. Ke nan daɓe mai kaurin santimita 10 yana ɗora wa kowace murabba'in mita kilo 240. Ɗaki mai mita 3 sau 3 yana ɗauke da kankaren da ya haura tan 2, tun kafin a shigo da gado da firij.

Babban abin da ke sa ƙasa ta kasa ɗaukar wannan nauyi shi ne cikon da ba a daddaɓe ba. Idan aka haƙa fandisho ko aka binne bututu, ƙasar da aka mayar ramin ba ta komawa yadda take a da. Tana cike da iska, kuma za ta ɗauki shekaru tana zama a hankali. Shi ya sa lotsawa ta fi bayyana a jikin bango, da bakin gareji, da kan layin da bututu ya bi. Tun a 1933 wani injiniya a birnin Los Angeles mai suna Ralph Proctor ya fito da gwajin da har yau ake kira da sunansa, wanda ya nuna cewa kowace irin ƙasa tana da wani adadin danshi da idan ta same shi ta fi matsuwa. Idan ta bushe da yawa ba ta haɗuwa, idan ta jiƙe da yawa sai ta riƙa zamewa a ƙarƙashin injin. A manyan ayyuka ana buƙatar ciko ya kai kashi 95 cikin 100 na matsuwar da gwajin ya nuna, kuma ana zuba shi ne hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe kafin a ƙara wani. Matan da ke daɓen gargajiya da maɗaɓi, suna yayyafa ruwa suna bugu, sun san wannan tun kafin a haifi Proctor, ko da ba su ba shi lamba ba.

Na biyu shi ne ruwa. Indararon da ke zuba a gindin daɓe, ko bututun da ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ko lambatun da ke yoyo, duk suna kwashe ƙananan ƙwayoyin ƙasa kaɗan-kaɗan har a sami kogo. Kankaren zai daɗe yana rataye a kan kogon kamar gada, babu wanda ya sani, sai ranar da mota ta taka ya tsage. Na uku kuma laka ce mai kumbura, irin wadda ta addabi masu gidaje a jihar Texas: tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, daɓen da ke kanta yana hawa yana sauka duk shekara. Sai kuma saiwar itatuwa da ke tsotse danshi, da shara ko kututture da aka binne suka ruɓe, da ramukan ɓeraye. A jihohin arewacin Amurka akwai ƙarin matsalar daskarewar ruwan cikin ƙasa lokacin hunturu, wanda ke tura daɓe sama, ya sake shi idan ƙanƙara ta narke.

A Amurka gyaran ba ado ba ne kawai. Ƙa'idojin da aka gina a kan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ba su yarda da tudun da ya wuce kwata na inci, wato milimita 6 da ɗoriya, a hanyar da jama'a ke bi da ƙafa ba, sai an fere bakinsa. A birane da dama, ciki har da New York, mai gida ne ke da alhakin gyaran hanyar ƙafa da ke gaban gidansa, kuma idan wani ya yi tuntuɓe ya karye, ana iya maka shi a kotu. Wannan tsoron na daga cikin abubuwan da suka raya sana'ar.

Jak ɗin laka

Hanyar farko ta fito ne daga jihar Iowa wajen 1930. Wani makanike a hukumar kula da manyan hanyoyi ta jihar, John Poulter, shi ake dangantawa da ƙera injin da ke tura kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ɗan siminti ƙarƙashin titin kankaren da ya lotsa. Sunan da Amurkawa suka ba aikin, in aka fassara shi, shi ne jak ɗin laka, don kuwa lakar tana yin abin da jak ke yi wa mota ne. Har yau tsarin bai canza sosai ba. Ana huda ramuka masu faɗin santimita 3 zuwa 5 a jikin daɓen, a kwaɓa ƙasa mai laushi ko yashi da siminti da ruwa har ya yi kaurin kunu, sai famfo ya tura shi ta tiyo. Kunun zai fara cike kogon, idan ya rasa wurin zuwa sai ya fara tura kankaren sama. Wasu 'yan kwangila sun maye gurbin ƙasar da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, saboda ya fi tsafta kuma ba ya ɗauke da ciyayin da za su ruɓe.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar ƙarfin da ake buƙata. Tun da matsin yana bazuwa a ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya, kowace murabba'in mita tana buƙatar abin da zai ɗaga kilo 240 ne kawai. In aka kwatanta, wannan kusan kashi 1 cikin 100 ne na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A aikace ana buƙatar fiye da haka, domin gefen daɓen yana goga da na maƙwabcinsa, ƙasa ma tana riƙe shi, amma duk da haka ɗagawa ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce tsayawa a daidai wurin da ya kamata. Daɓen da aka ɗaga ya wuce gona da iri ba shi da hanyar saukowa, sai dai a fasa.

Jak ɗin laka yana da arha, kayan haɗinsa kuma ana samun su ko'ina. Aibinsa uku ne. Ramukan manya ne, ko an toshe su suna nan kamar tabon agana. Ana jiran kwana ɗaya zuwa uku kafin mota ta hau. Mafi muhimmanci kuma shi ne nauyi, domin kunun yana kai kilo 1,600 a duk kubik mita ɗaya. A ɗauki wancan ɗaki na mita 3 sau 3, a ce kogon da ke ƙarƙashinsa zurfin santimita 5 ne: sai an tura masa kunun da ya kai kilo 700, wato nauyin buhun siminti 14, a kan ƙasar da dama nauyi ne ya kayar da ita.

Kumfar da ke cikin bidiyon

Abin da ake gani a bidiyoyin nan kumfar foliyuritan ce. Ɗan'uwan soson katifa ne da kumfar da ke cikin bangon firij, sai dai wannan an haɗa ta ne ta daskare ta yi tauri. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano foliyuritan a Jamus a 1937. Wanda ya kai ta ƙarƙashin daɓe kuma shi ne kamfanin Uretek na ƙasar Finland, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, daga nan fasahar ta tsallaka Amurka da sauran ƙasashe.

Motar ɗan kwangilar tana ɗauke da durom biyu na ruwan sinadari daban-daban, ɗaya ana kiransa aisosayanet, ɗayan foliyol. Wani inji ne ke auna su daidai wa daida, ya ɗumama su, ya tura kowanne ta tiyonsa. Su kansu tiyon suna da wayar lantarki mai ɗumama su, saboda idan sinadarin ya huce a hanya haɗin ba ya yin kyau. Ba sa haɗuwa sai a bakin bindigar. Da zarar sun haɗu sai su shiga ramin a matsayin ruwa, su malala cikin kogon, cikin daƙiƙoƙi kaɗan kuma su fara fitar da iskar gas da ke kumbura su. Irin kumfar da ake amfani da ita a gidaje tana iya ninka girmanta sau 15 zuwa 20 idan babu abin da ya tare ta. Idan daɓe ya tare ta daga sama, sai ta tura shi, a lokaci guda kuma tana danne ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Ramin da ake hudawa bai wuce milimita 16 ba, wasu ma milimita 10 suke yi. Kumfar tana kai mafi yawan ƙarfinta cikin kamar minti 15, shi ya sa hukumomin hanyoyi na jihohin Amurka ke son ta: a rufe layi ɗaya da dare, a ɗaga bakin gadar da motoci ke dukan tudu a kansa, kafin asuba an buɗe. Ba ta shan ruwa sosai, ruwa kuma ba ya kwashe ta kamar yadda yake kwashe laka. Nauyinta kamar kilo 65 ne a inda kunun siminti ke yin 1,600. Wancan kogon da ya ci kilo 700 na kunu, kumfar da za ta cike shi ba ta kai kilo 30 ba.

Masu tallata ta ba su cika faɗin sauran labarin ba. Ta fi laka tsada, sau da yawa nesa ba kusa ba. Haɗuwar sinadaran tana fitar da zafi, kuma idan aka cika babban kogo a tashi ɗaya zafin na iya taruwa har kumfar ta ƙone daga ciki, don haka gwani yana cikawa ne kaɗan-kaɗan yana jira. Tururin aisosayanet yana iya jawo wa ma'aikaci asma, dole ne ya sa abin rufe hanci da safar hannu da tabarau. Kumfar kuma ba ta san bambancin kogo da bututu ba. In akwai tsagaggen bututun bayan gida a ƙasa, za ta shiga ta daskare a ciki, mai gida ya wayi gari daɓe ya miƙe amma masai ya toshe. Sannan tana ci gaba da kumbura na ɗan lokaci bayan an saki kunamar bindigar. Wanda bai ƙware ba yakan jira sai ya ga daɓen ya daidaita sannan ya saki, alhali a lokacin ya makara.

A nan ya kamata a yi gargaɗi ɗaya. Kumfar gwangwani da ake sayarwa a shagunan kayan gini don toshe gefen taga ko ramin na'urar sanyaya ɗaki ba ita ba ce. Sunan sinadarin ne kawai ya haɗa su. Ta gwangwani danshin iska ne ke daskarar da ita, ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma duk wanda ya tura ta ƙarƙashin daɓe asarar kuɗinsa kawai ya yi.

Na'urorin da kyamara ba ta damu da su ba

Ga mai sha'awar na'urori, abin kallo na gaske yana cikin akwatunan da ɗan kwangila ke saukewa kafin ya taɓa tiyo. Na farko shi ne ma'aunin leza mai juyawa. Ana kafa shi a kan ƙafafu uku a wurin da ba zai motsa ba, yana zana layin haske a kewaye, ma'aikaci kuma yana ɗora sanda mai na'urar karɓar hasken a kan daɓen. Da kankaren ya motsa milimita ɗaya ko biyu, na'urar za ta yi ƙara. A cikin gida, inda bango ke tare haske, akwai ma'auni irin ZipLevel, wanda ke aiki da matsin ruwa a cikin siririyar igiya yana nuna sakamako a allo. Dabarar ita ce dai ta tiyon ruwa da birkilolinmu ke ɗaukar lebul da shi, an dai sa mata ƙwaƙwalwar lantarki. Da shi ake zana taswirar ɗaki, a ga inda ya fi lotsawa da inda bai motsa ba.

Sai na'urar rada mai leƙa cikin ƙasa, wadda ake turawa kamar keken jarirai. Tana aika igiyar rediyo ƙasa tana karanta abin da ya dawo, ta nuna rodi da bututu da kuma kogo. Amfaninta ya wuce neman kogo. A gidaje da yawa na Texas da California akwai igiyoyin ƙarfe da aka ja aka ɗaure da ƙarfi a cikin daɓen, kuma idan na'urar huda ta yanke ɗaya tana iya ɓallewa ta fasa kankare ta ji wa mutum rauni. A Amurka akwai ma lambar waya ta 811 da ake kira kafin a haƙa ƙasa, a zo a yi wa layukan gas da lantarki alama. Radar tana da rauni ɗaya: jiƙaƙƙiyar laka tana shanye igiyarta, ba ta ganin nesa a cikinta.

Na uku ba shi da batir ko allo. Sandar ƙarfe ce mai tsini, ana sako mata guduma mai nauyin kilo 8 daga tsayi ɗaya a kowane bugu, ana rubuta nawa ta nutse. Inda sandar ta riƙa shigewa kamar a cikin tuwo, nan ne ƙasa mai rauni take. Wannan gwaji ne ke amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci: raunin a dab da daɓen yake, ko yana can ƙasa a zurfin mita biyu? Idan a zurfi yake, cika saman kawai bai magance komai ba. Sai an soka bututu zuwa wurin an tura sinadarin a can, hanyar da reshen Uretek na Italiya ya fito da ita a shekarun 1990.

Iyakar abin da wannan fasaha ke iya yi an gan shi a birnin Christchurch na New Zealand. Girgizar ƙasar 22 ga Fabrairun 2011, wadda ta kashe mutum 185, ta sa ƙasar birnin ta yi ruwa-ruwa, gine-gine da yawa suka lotsa. Gidan adana zane-zane na birnin, wanda a cikinsa ma hukumomin agaji suka kafa hedikwata bayan girgizar, yana cikin waɗanda suka karkace. Maimakon rushe gini mai nauyin dubban tan, kamfanin da a yau ake kira Mainmark ya ƙarfafa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sannan ya yi amfani da wata fasahar Japan inda kwamfuta ke sarrafa tura kunun siminti ta wurare masu yawa bi da bi, kaɗan a nan, kaɗan a can, na'urorin awo suna bin kowane motsi. An sake buɗe ginin a Disambar 2015. Abin lura shi ne siminti aka yi amfani da shi, jikan lakar Poulter. Kwamfuta da awo ne suka mai da shi aikin zamani.

Inda ɗagawa ba ta da amfani

Kankaren da ya farfashe ƙanana-ƙanana, ko wanda samansa ke marmashewa, ba a ɗaga shi. Kowane guntu zai tashi yadda ya ga dama. Daɓen da saiwa ko kumburin laka ya tura sama shi ma ba aikin famfo ba ne, domin ba lotsawa ya yi ba, kuma ɗan kwangilar da bai yi awo ba yana iya ɗaga ɓangaren da ke lafiya don ya kamo wanda ya kumbura. Idan kuma bango ne ya tsage daga kusurwar taga ya yi sama a karkace, ƙofofi suka daina rufuwa, to maganar ta bar daɓe ta koma fandisho. Wannan aikin injiniyan gini ne, kuma maganinsa galibi turakun ƙarfe ko na kankare ne da ake kaiwa har ƙasa mai ƙarfi.

Laka mai kumbura tana da nata tarkon. In aka ɗaga daɓe a tsakiyar rani, lokacin da lakar ta tsuke, aka cika kogon taf, da damina ta faɗi lakar za ta kumbura ta ɗaga daɓen da abin da aka cika masa gaba ɗaya. A irin wannan ƙasa, daidaita danshin da ke kewaye da ginin ya fi kowace allura.

Zaɓen ɗan kwangila

Mafi yawan masu wannan aiki a Amurka ƙananan kamfanoni ne, mutum biyu ko uku da tirela ɗaya. Masu sayar da injin da sinadarin suna ba da horo na 'yan kwanaki, don haka shiga sana'ar ba ta da wuya, kuma nan ne haɗarin yake. Inji iri ɗaya ne a hannun gwani da a hannun wanda ya fara jiya.

Duk da haka na kusa ya fi na nesa, in dai ya daɗe a wurin. Shi ya san ƙasar unguwa, ya san wace unguwa aka gina a kan ciko, wace ce a kan laka. Ana iya zuwa a ga aikin da ya yi shekara uku ko biyar da suka wuce, wanda ya fi hoton kafin da bayan aiki da aka ɗauka rana ɗaya. Idan daɓen ya sake lotsawa kuma, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Alamar farko ta gwani ita ce inda idonsa ke fara zuwa. Wanda ya shigo ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya tambayi inda bututu ya bi, ya nemi a duba ko mitar ruwa tana juyawa bayan an rufe duk famfunan gida, wannan yana neman sanadi ne. Wanda ya dubi daɓen kawai ya yanka farashi, ciniki ya zo yi. Mai gida yana da haƙƙin ya nemi awo a rubuce, na kafin aiki da na bayansa. Yana da kyau a san ko farashin na aikin ne gaba ɗaya ko na kowane kilo na sinadari, domin babu mai sanin girman kogo sai an fara cikawa, kuma a nan ne rigima ta fi tashi. Hukumomin hanyoyi a can suna biya ne bisa nauyin sinadarin da aka tura, suna kuma duba mitar injin. Sai a ji wa zai ɗauki nauyi idan bututu ya toshe ko daɓen ya tsage wajen ɗagawa, a kuma karanta takardar garanti da kyau, saboda da yawa daga cikinsu sun cire lotsawar da ruwa ya jawo, alhali ruwan ne ke jawo mafi yawanta. 'Yan kwangilar kan ce ɗagawa tana cin kamar rabin kuɗin fasawa a sake zubawa, ko ƙasa da haka. Wannan lissafi gaskiya ne idan an yi aikin sau ɗaya.

Me ya shafe mu?

Matsalar dai tamu ce ma. A Kano da sauran tsofaffin biranenmu an cike kududdufai da yawa da shara da ɓaraguzai an yi gini a kansu, kuma irin wannan ciko yana ci gaba da zama shekara da shekaru. A yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, akwai baƙar lakar da Barebari ke kira firgi, wadda ake dasa masakwa a kanta, tana tsattsagewa da rani tana kumbura da damina. Akwai irinta a sassan Gombe da Adamawa, kuma injiniyoyin hanya sun daɗe suna fama da ita. Ga kuma abin da kowa ya saba gani: tsakar gidan da ta lotsa a kan tsohon sokawe, ko farfajiyar gidan mai da tankoki suka danne.

Sai dai lissafin kuɗi a nan ya bambanta. A Amurka ladan ma'aikaci da kuɗin kwashe ɓaraguzai ne ke sa fasawa ta yi tsada. A wajenmu leburori sun fi sauƙi, sinadarin kumfa kuwa da dala ake sayo shi. Sannan daɓen gidajenmu da yawa siriri ne, simintinsa kaɗan, babu rodi a ciki, in aka tura masa matsi daga ƙasa tsagewa zai yi kafin ya tashi. Ga ƙaramar tsakar gida, fasawa a daddaɓe ƙasa da kyau a sake zubawa ya fi hankali. Wanda ya shimfiɗa intalok ma ya huta, cire su zai yi ya gyara ƙasa ya mayar.

Inda fasahar ke da ma'ana shi ne inda tsayar da aiki ya fi gyaran tsada, ko inda kankaren ke da kauri da rodi: daɓen masana'anta da injuna ke kafe a kansa, sito, farfajiyar gidan mai, bakin gada, filin jirgi, ko babban zaure da aka shimfiɗa wa marmara mai tsada. A irin waɗannan wurare, tura kunun siminti da famfo ba baƙon abu ba ne ga injiniyoyin ƙasa da ke aikin madatsun ruwa da fandisho, kuma kayan haɗinsa a gida ake yin su. Mai irin wannan gini a Najeriya zai fara ne da injiniyan da ke da rajista da hukumar COREN, a yi gwajin ƙasa a ga zurfin raunin, a gano inda ruwa ke shiga a toshe shi, a karkatar da indararo nesa da gindin bango. Bayan nan ne ake kiran mai famfo, kuma ranar aikin a tabbata ma'aunin leza yana kafe a wurin da ba ya kan daɓen da ake ɗagawa.